Ɗaukar Hoton Jirgin Kaya: Daga Titin Boɗinga Zuwa Bakin Iyaka

Babu layin dogo a Boɗinga, babu a Shagari, babu ma a cikin birnin Sakkwato. Dogon da Turawa suka jawo daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ya ja birki, har yau kuwa bai ƙara taku ɗaya zuwa yamma ba. Don haka duk Basakkwacen da sha'awar hoton jirgin kaya ta kama, sai ya ɗaura ɗamarar tafiya. Tafiyar da tsada, jirgin kaya kuma ba ya ja da baya don ka gyara kuskurenka. Sai ka kwana biyu a Zariya kana dako, ya zo ya wuce cikin minti ɗaya da rabi, ka duba kyamara ka tarar kan jirgin ya fito dishi-dishi, ga turken lantarki ya tsiro masa a ka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin nan a gida ake koyonsa, a bakin titin da ya baro Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya miƙe zuwa Tambuwal da Jega.

Titin nan shi ne babbar hanyar da ta taso tun daga Legas ta ƙare a Illela, inda ake tsallakawa Ƙwanni. Abin da jirgi yake ɗauka a wasu ƙasashe, a nan tirela ke ɗaukarsa: siminti daga Kalambaina, albasa, shanu da raguna, tankokin mai, wani lokaci huɗu ko biyar a jere hanci da wutsiya. Ga mai koyo, ayarin tirela jirgi ne da ke zuwa sau hamsin a yini, kyauta. Wanda ya iya kama daf mai gudu a hanyar Shagari har lambarta ta karantu, jirgin kayan tsohon layinmu ba zai gagare shi ba, don ko kusa bai kai ta gudu ba.

Fara da wurin tsayuwa, domin rabin hoton a nan yake. Kada ka tsaya daidai gefen abin kana kallon haƙarƙarinsa, kada kuma ka fuskance shi gaba da gaba. Tsaya a karkace, yadda za ka ga fuskarsa da kuma tsawon jikinsa yana ƙanƙancewa zuwa baya. In da kwana a wurin, shiga ta cikin kwanar. Daga ciki taragu duka suna bayyana, suna lanƙwasowa kamar za su zagaye ka, amma daga waje na gaba ne ke ɓoye na baya. Sannan nemi tudu. Jigawa, ko tarin ƙasar masu aikin hanya, ko soron wani gida in mai shi ya yarda. Ɗagawar mita biyu ko uku ta isa ta nuna maka abin da ke cikin tarago, alhali in ka durƙusa ƙasa, kan jirgin zai fito gingimeme amma kayan su ɓace, kai kuwa kayan ka zo ɗauka.

Rana ta kasance a bayan kafaɗarka. Titin Boɗinga zuwa Shagari ya karkata kudu maso yamma, saboda haka da hantsi ka tsaya ta gabas ka tari motocin da suka nufo Sakkwato, bayan La'asar ka koma ta yamma ka tari masu gangarawa Jega. Tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da uku, ajiye kyamara ka sha inuwa. Rana tana tsakar ka, rufin mota ya yi fari fat, ƙafafunta su nutse cikin baƙi, babu abin da za ka tsinta. Wannan lissafin za ka riƙa yi a duk layin dogon da ka je: ina gabas, ina jirgin ya dosa, wane gefe ne zai sha haske. Ni nakan je wurin tun ana gobe, a daidai lokacin da nake sa ran ɗauka, in ga inda inuwar itace ke faɗuwa.

Duba bayan hoton kafin abin ya iso. Jirgi shi kaɗai a fili, ko'ina ma zai iya zama. Amma in ga kuka a gefe, ko giginya, ko rumbuna, ko hasumiyar masallacin Juma'a, ko wani dattijo bisa jaki yana jiran ya wuce, to hoton ya faɗi garinsu da bakinsa. Ka tsara komai tun wurin yana wayam, ka bar gurbin da kan jirgi zai shigo, ka sa wa gurbin alama da ido: dutse kaza, ko turke na uku. Idan ya kawo nan, sai ka danna.

Yanzu batun saurin ƙiftawar kyamara, wanda nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa. Abin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In ka bar kyamara a 1/125 na daƙiƙa, kafin ta rufe ido ya matsa santimita 13, rabin taƙi da ɗoriya, rubutun jikinsa ya shafe ke nan. A 1/500 motsin ya koma santimita uku, a 1/1000 bai kai biyu ba. Saboda haka kada ka sauka ƙasa da 1/500, in da haske ka hau 1/1000. Ƙofar haske ka bar ta wajen f/8 don kai da taragun farko su fito garau tare. Idan haske ya ja baya, ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 ba tare da fargaba ba. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya kallonsa, wanda ya girgiza kuwa sai shara.

Kada ka bar wa kyamara ta auna haske da kanta. Kan jirgi yana tafe da fitila a kunne, kyamara kuwa da ta ga fitilar sai ta ɗauka duniya ta yi haske, ta rage, komai ya dushe. Tun kafin ya zo, auna hasken a kan ƙasa ko tsakuwar da rana ta haska, ɗauki gwaji biyu, ka kulle a kan abin da ya yi maka. Haka ma saitin ido: saita shi a kan alamar nan da ka zaɓa, ka bar shi. Sannan kunna ɗauka a jere, ka fara dannawa kafin ya kai alamar da kaɗan, ka saki bayan ya gota. Cikin bakwai ko takwas, ɗaya ce taka.

Mai waya kada ya ce ba da shi ake ba. Goge gilashin da gefen riga mai tsabta, ɗora yatsa a kan wurin da kake so ka riƙe har ta kulle haske da saiti, ka nemo inda ake ɗauka a jere. Wayoyi da yawa suna da sashen da ke barinka ka zaɓi saurin ƙiftawa da hannunka. Abu ɗaya dai: daina zuƙowa da yatsu biyu. Ba kusanto da jirgin take yi ba, yanka hoton take yi tana buɗa shi. Gara ka ɗauka da faɗi, in ka koma gida ka rage.

Akwai wata dabara da ba a iya ta sai an ɓata hotuna ɗari, ita ce bin abu da kyamara. Ka sauko da sauri zuwa 1/30 ko 1/60, ka kafa ƙafafu, ka manne gwiwar hannu a jiki, ka bi motar da juyin ƙugu, kana dannawa ba tare da ka tsaya ba. In ta yi, motar ta fito tsaf, itatuwan baya su zama zare-zare, mai kallo ya ji gudun a jikinsa. Wannan ita ce babbar ribar titin Shagari, don a bakin dogo ba ka da jirage ɗari na ɓatawa.

To, ka iya tirela. Ina za a samu jirgin? Layin Ƙaura Namoda yau ba kasafai ake ganin motsi a kansa ba, hanyar zuwa can ma ba ta yawon sha'awa ba ce a wannan zamani. Zariya ta fi, domin nan ne mahaɗa, inda layin Gusau ya rabu da na Kano. Sai Kano kanta, inda dogo ya iso a 1911 ya mai da gyaɗa dukiya, da Kaduna, inda aka buɗe tashar tsandauri a 2018 don kwantenoni su riƙa zuwa daga Legas. Abin da ya kamata ka sani shi ne jirgin kaya ba shi da lokaci irin na fasinja. Amma tsohon layin falle ɗaya ne, jirage biyu ba sa giftawa sai a tasha, kuma ba a sakin jirgi daga wata tasha sai ta gaba ta tabbatar hanya a buɗe take. Ke nan ma'aikatan tasha sun riga kowa sani. Bayansu sai mai tsaron mahaɗar titi, sai masu talla a bakin dogo, waɗanda kunnensu ya saba har suna rarrabe kukan inji tun yana nesa. Da ɗan gari akan ci gari. Sayi rake wurin mai rake, ku gaisa, ka tambaye shi yaushe rabonsa da ganin na kaya.

Nan zan ɗan daɗe, don abin da ya fi gilashi mai tsada muhimmanci shi ne izini. Tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, duk baƙon da aka gani yana shawagi a bakin dogo da kyamara, sunan farko da ke zuwa bakin mutane shi ne infoma, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Kafin ka ciro komai daga jaka, je ofishin tasha ka gabatar da kanka ga jami'an Hukumar Jiragen Ƙasa, da katin shaida a hannu. In a ƙauye ne, fara da ƙofar mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ni baƙonku ne daga Boɗinga, sana'ata hoto. Jirgin kaya nake so in ɗauka in ya zo wucewa, na ce ba zan tsaya a ƙasarku ba ku sani ba."

Sau da yawa amsar ita ce a haɗa ka da yaro ya raka ka, yaron nan kuwa ya fi kowace takarda amfani. Ka riƙe tsofaffin hotunanka a waya don nunawa. Mutum in ya ga jerin tireloli da kukoki, hankalinsa yakan kwanta.

Na taɓa koyon wannan da wuya. Ina bin wata tirelar shanu da kyamara, ban lura ba ashe can baya akwai shingen bincike, ya shigo cikin hoton. Kafin in sauke hannu wani jami'i ya iso.

"Kai malam, me kake ɗauka?"

"Yallaɓai, mota ce."

"Mota ce, ko mu ne?"

Na nuna masa. Ya sa na goge na ranar kaf, har da na safe da babu ruwansu da shi, na kuma yi zaman awa biyu a kan benci ina amsa tambaya ɗaya sau goma. Tun daga ranar, kafin in duba rana sai na duba ko akwai kaki, ko buhunan yashi, ko tuta a inda gilashina zai kalla.

Wannan darasi zai ninka ranar da layin Kano zuwa Maraɗi ya fara aiki. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da shi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya tsallaka Nijar. Faɗin dogonsa milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna, ba 1,067 na tsohon layi ba, saboda haka jiragensa za su fi gudu, 1/1000 za ta zama dole. A bakin iyaka jirgin kaya yakan rage gudu ya tsaya a duba takardu, abin da ke sauƙaƙa wa kyamara aiki ya tsananta wa mai ita. Ta nan kwastan da jami'an shige da fice, ta can jandarma da duwan, kowa da dokarsa, izinin da ka samu a Jibiya kuma ba ya aiki a Ɗan Isa. Iyakar ma ba kullum take a buɗe ba: an rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai Maris na 2024 aka buɗe. Shawarata, ja baya kilomita biyu ko uku daga ofishin iyaka, ka nemi gona ko tudu inda jirgin ya saki jiki. Jirgin sama marar matuƙi kuwa, bar shi a gida. A Najeriya tashinsa ma sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, balle a kan iyaka.

Ƙasar Hausa shimfiɗaɗɗiya ce, gadoji da kwalbatoci muka sani, ba huda dutse ba. Amma Bahaushe ya yi nisa a duniya, kuma masu wannan sha'awa a Turai da Amurka suna son bakin ramin da jirgi ke shiga a wata ƙasa ya fito a wata. Akwai na Simplon da aka buɗe a 1906, kusan kilomita 20 a ƙarƙashin duwatsu, a shiga a Brig ta Suwizalan a ɓullo a Iselle ta Italiya, iyakar tana can tsakiyar duhu. Akwai na ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, kilomita 50, tun 1994, inda ake loda tireloli sukutum a kan taragu. Akwai na ƙarƙashin kogin St. Clair tsakanin Sarnia ta Kanada da Port Huron ta Amurka, wanda aka fara haƙawa aka buɗe a 1891, daga baya aka yi sabo mai faɗi don kwantena bisa kwantena ta wuce. Irin waɗannan wurare sukan kasance a killace da waya da kyamarorin tsaro, daga kan titin jama'a ko tudun da ke nesa ake ɗauka.

Bakin rami yana yaudarar kyamara ta fuska biyu. Kafin jirgi ya fito, baƙin ramin yakan sa ta ƙara haske har bangon ya ƙone. Da fitila ta ɓullo sai ta juya ta rage fiye da kima. Maganin dai shi ne na ɗazu: auna a kan bangon da rana ta haska, ka kulle, ka bar cikin ramin ya yi baƙi ƙirin, don baƙin nan shi ne kyan hoton. Saita ido 'yan mitoci gaban bakin, ba cikin duhun ba. Kada ka yi gaggawar dannawa da ganin fitila. Bari kan ya fito duka cikin rana da tarago ɗaya ko biyu, sauran jikin yana ciki, kamar maciji na fitowa daga rami. In injin mai shan gas ne, hayaƙin da ya tara a ciki yakan biyo shi a dunƙule, wanda ya yi haƙurin daƙiƙa biyu shi ke samunsa. Wahalar ita ce ba ka ganinsa daga nesa. Alamarka iska ce da ke fara busowa daga ramin, da ƙyallin fitila a kan dogo, daga nan zuwa fitowarsa kuwa ba ka da lokacin gyara komai.

Ana iya gwada wannan a Boɗinga ba tare da fasfo ba. Samu zaure mai duhu da hantsi, ka ba ƙaninka tocila mai ƙarfi, ka ce ya kunna ya fito da sauri yana haska ka. Ɗauka sau ɗaya kyamara na auna wa kanta, sau ɗaya ka kulle da hannunka, ka jera su ka gani. Ko ka nemi inda dogon yaro ya yi wa titi rumfa, ka tari tirela daidai fitowarta daga inuwa.

Maganar rai kuma ba ta wasa ba ce. Jirgin kaya mai lodi yana iya cin fiye da kilomita guda kafin ya tsaya, direban yana ganinka amma ba abin da zai iya. Jikin jirgi ya fi dogo faɗi ta kowane gefe, ga igiya ko waya ko tamfol da kan kwance su yi ta shara. Ba da tazarar mita biyar ko fiye. Gilashi mai jawo nesa yana ɓata lissafin ido, kana leƙe kana ganin da saura, ashe ya iso, shi ya sa nake son mutum biyu, ɗaya na ɗauka ɗaya na kallon gaba da baya. Kada ka hau dogo, kada ka hau gadar jirgi, rami kuwa ko da wasa. A ƙasashen da jirgi ke amfani da lantarki, wayar sama tana iya ɗaukar bolt 15,000 ko 25,000, kuma ba sai ka taɓa ta ba, kusantar ta da doguwar sanda ya isa.

Lokutan shekara kowanne da halinsa. Hazon hunturu yana tausasa haske, rana ta zama jar ƙwallo, wutsiyar jirgi ta narke cikin fari, abin sha'awa. Sai dai ƙura: kada ka sauya gilashi a fili, shiga mota ka rufe ƙofa. Da bazara, daga hantsi ya ɗaga kawalwalniya ke tashi daga kwalta da tsakuwa, duk abin da ka zuƙo daga nesa sai ya fito yana rawa, waya kuma ta yi zafi ta kashe kanta, don haka rufe ta da hula tsakanin ɗauka da ɗauka. Ni damina na fi so, bayan an ɗauke ruwa, iska ta wanku, gero ya yi kore shar, hadari baƙi a gabas rana kuma tana dukan jirgin daga yamma.

Idan ya wuce, kada ka tashi nan take. Juya ka ɗauki bayansa yana tafiya, sannan ka ciro ɗan littafi ka rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da sunan wurin, da lambar da ke jikin kan jirgin, da yawan taragu, da abin da suka ɗauko. Tsofaffin hotunan dalar gyaɗa na Kano da ke yawo a Facebook, da yawansu ba shekara ba sunan wuri, sai gardama ake ta yi a ƙarƙashinsu. Hoton kuma kada ka sa shi a intanet a ranar da ka ɗauka tare da wuri da lokaci, don ba kai kaɗai ke son sanin sa'ar da jirgin kaya ke wucewa ba. Bari ya kwana bakwai. Kafin nan ka wanke kwafi biyu, ɗaya na mai unguwa, ɗaya na yaron da ya raka ka.